Gwanintar Ɗaura Oba-oba a Kan Babur

A Birtaniya, tun 1990, duk mai son fara hawa babur a titi sai ya yi wani horo na dole da ake kira CBT. Ƙarshen horon shi ne fita titi na aƙalla awa biyu, malami ɗaya da ɗaliban da ba su wuce biyu ba, kuma ƙa'ida ce malamin ya riƙa magana da su ta rediyo har su dawo. Nauyin da aka ɗora wa 'yar wannan na'ura ba ƙarami ba ne. Sabon hannu ne ya doshi shatale-tale gabansa na faɗuwa, malam na biye da shi yana cewa ya sassauta, ya dubi dama, ya dakata. Kalma ɗaya ta ɓace a iska, ana iya kwana a asibiti. Shi ya sa nake ganin girman masu iya zaɓen oba-oba su ɗaura ta a babur. Aikinsu ba ya ɗaukar ido, amma duk wanda ya ji murya tangaram cikin hular kwano alhali babur na sheƙa gudu, to hannun gwani ya taɓa wurin.

Gwani ba ya fara tambayar wace rediyo ce ta fi ƙarfi. Tambayarsa ita ce: ku nawa ne, wace irin hanya kuke bi, kuma me hukuma ta yarda da shi? A Turai akwai tsarin PMR446 da ba ya buƙatar lasisi, mai tashoshi 16 a kan megahaz 446, ƙarfinsa rabin wat, eriyarsa kuma a manne take ba a cirewa. Da irinsa malaman tuƙi da yawa ke aiki. A Amurka masu doguwar tafiya sun daɗe da sabawa da CB, mai tashoshi 40 a kan megahaz 27, har kamfanin Honda kan tanadar wa babbar Gold Wing gurbinta. Sai kuma irin su Baofeng UV-5R 'yan Sin, masu araha, waɗanda suka cika kasuwannin duniya har da namu. UV-5R tana fitar da wajen wat biyar, tana kuma iya hawa mitoci masu yawa, ciki har da na jami'an tsaro da na hukumomi. A nan ne mai sani ke taka birki: a Najeriya sai an nemi izinin mita daga hukuma, a Nijar kuma daga ARCEP, kuma sayen rediyo daban, izinin magana da ita daban.

Nisan da ake rubutawa a jikin kwali ba ya ruɗar gwani. Ya san sautin waɗannan ƙananan rediyo a miƙe yake tafiya, tudu na tare shi, gini na tare shi, tirela ma in ta shiga tsakani tana rage shi. Abin da aka auna daga kan dutse zuwa kan dutse, a cikin gari da ƙyar zai kai kilomita ɗaya ko biyu. Ninka wutar ba ya ninka nisan. Abin da ke ƙara nisa shi ne eriya da inda aka kafa ta, kuma a nan ilimin yake.

Tsawon eriya lissafi ne. A kan megahaz 446, eriyar rubu'in zango ba ta wuce santimita 17 ba. A kan megahaz 27 kuwa ta kai kusan mita 2.7, shi ya sa ake gajarta ta CB da naɗin waya a ciki, sannan a daidaita ta da ma'aunin SWR har allura ta sauka wajen 1.5. In ta haura 3, wutar da ya kamata ta fita komawa take cikin rediyon, ta iya ƙona shi. Mota na da faffaɗan rufin ƙarfe da eriya ke dogara da shi, babur ba shi da wannan gata, don haka gwani kan nemi eriyar rabin zango wadda ke iya aiki ita kaɗai, ya kafa ta a kariya ko bayan sirdi. Ya kuma tabbatar a tsaye take, domin in ta wani na tsaye ta wani na kwance, sauti na raguwa ƙwarai. Wani abin da ya fi burge ni shi ne yadda suke lissafi da jikin mahayin kansa. Jikin mutum galibinsa ruwa ne, yana shanye sautin rediyo. Saboda haka wanda ke bin baya sai ya sa tasa a ƙirji ko a jakar kan tanki, na gaba kuma ya sa tasa ta baya, don kada gangar jikinsu ta zama katanga tsakaninsu.

Daga nan sai hular kwano, inda akasarin masu haɗa wa kansu ke shan kashi. Lasifikokin siraran faifai ne da ake mannawa a gurbin kunne, kuma in sun goce ko da faɗin yatsa ɗaya, rabin muryar ta tafi. Gwani kan sa mutum ya saka hular, ya lalubo daidai ramin kunnensa, ya yi alama, in akwai rata ya cike da soso har lasifikar ta kusa taɓa kunne. Abin da ba zai taɓa yi ba shi ne ƙwaƙule farin kumfan cikin hular don samun wuri, domin shi ne ke shanye bugu ranar tsautsayi. Makirufo kuwa kusa da leɓe ake sa shi, a rufe da soso, a kauce wa kafar iskar da ke haɓar hula. A gudun kilomita 100 a awa, ƙarar iska cikin hula kan wuce desibel 90, abin da ke lalata ji a hankali. Masu doguwar tafiya da yawa kan toshe kunne, kuma murya ta fi fita a haka, saboda toshiyar ta rage hayaniyar da ke danne ta.

Akwai rediyon da ke buɗe layi da kansa da zarar ya ji murya, tsarin da ake kira VOX. A ɗaki abin sha'awa ne. A babur kuwa iska da salansa ne za su yi ta buɗe shi, su toshe tashar ga kowa, tunda oba-oba mutum ɗaya ke magana a lokaci guda. Don haka gwani ya fi yarda da maɓallin dannawa, ya ɗaure shi a hannun hagu inda babban yatsa ko manuniya za su kai ba tare da an saki riƙo ba, domin dama na can tana fama da totur da birkin gaba. Bayan ya ɗaure, zai karya kan babur hagu da dama har ƙarshe ya ga ko waya na ja. Tsakanin hula da babur kuma sai ya sa mahaɗin da ke fizgewa da kansa, saboda ranar da mutum ya faɗi ko ya sauka a manta, kada waya ta riƙe wuyansa. Har bakin filogin sai ya duba: mai ƙafa biyu irin na Kenwood, wanda Baofeng ma ke amfani da shi, ya yi kama da na Motorola, amma ba sa shiga gurbin juna.

Wuta ita ce jarrabawar ƙarshe. Batirin babur bolt 12 ne, yana kai wajen 14 in inji na aiki, alhali UV-5R da 7.4 take aiki, sai an sa abin rage wuta, da fis kusa da kan batir, a layin da ke mutuwa in an zare makulli. Sannan gwani ya tayar da inji ya kasa kunne kamar likita da abin awon ƙirji. In kuka ne siriri mai tashi da sauka tare da totur, daga wajen caji yake, maganinsa matatar wuta. In ƙas-ƙas ne mai bin bugun inji, daga fulogi yake, sai a sauya zuwa mai rizisto, irin wanda NGK ke sa wa harafin R, a kuma janye wayar rediyo daga kwayil. A ƙananan babura irin su Boxer, da yawa kan bar rediyon a kan nasa batirin kawai, su huta da wannan duka.

Na'urorin Bluetooth na Sena da Cardo sun sauƙaƙa hira tsakanin mahaya kaɗan da ke kusa da juna, kuma akwai adafta irin SR10 mai haɗa oba-oba da hula ba waya. Amma in ayari ya yi tsawo, ko akwai motar rakiya, ko an shiga dajin da babu sabis, oba-oba ake komawa. Shi ya sa gwani ba ya sallamar mutum sai sun fita gwaji a titi, da cikakken gudu, ya kuma koya masa ya danna maɓalli, ya ɗan jira, sannan ya yi magana a gajarce, domin kalmar farko ce ke yawan yankewa, kuma sau da yawa ita ce "tsaya".