Sunan Itace da Mai Saninsa: Nazari a kan Littafin Dalziel

A shekarar 1937 aka buga The Useful Plants of West Tropical Africa, na Likita J. M. Dalziel, wanda ya yi aikin asibiti a Nijeriya ta Arewa. Ya jera itatuwa bisa ga danginsu, kowane da sunansa na Latin, da sunayensa cikin harsunan ƙasa, da amfanin da ake yi da shi. Aiki ne babba ƙwarai, har H. M. Burkill ya sabunta shi a lambun Kew na Ingila daga 1985. Duk da haka akwai giɓi biyu da ya kamata malamai su lura da su.

Na fari, rubutun sunaye. Cikin ƙamus ɗinsa na itatuwan Hausa, na 1916, Dalziel bai nuna karin sauti ba, sai Bargery ya yi wannan a 1934. Bahaushe ya san karin sauti ke raba kuka ta miya da kukan yaro. Harsunan kurmi kuwa, irin su Efik da Yarabanci, su ma da karin sauti suke rarrabe kalmomi. Suna ɗaya kuma yakan hau itace fiye da ɗaya, kamar yadda ƙwanƙwani, na dafin kibiya, ya haɗa iri-iri na Strophanthus. Wanda ya ɗauki suna daga takarda ya shiga daji, yana iya komowa da wani saiwar dabam.

Na biyu ya fi nauyi, watau rashin muryar mai magani. Littafin yakan ce ana shan abu kaza domin ciwo kaza, amma ba kasafai yake faɗin wanda ya ba da labarin ba, balle gwargwadon da ake sha. Waken Kalaba misali ne. Mutanen Efik suna kiransa esere, da shi suke gwada wanda aka zarga da maita: wanda ya amayar ya kuɓuta, wanda ya riƙe a ciki ya mutu. A 1864 aka tace sinadarinsa a Jamus, daga baya likitoci suka yi maganin ciwon ido da shi, suna kiransa eserine. Kalmar Efik ta shiga littattafan likitanci, amma masu ita ba a ambace su ba. Tsakanin dafi da magani kuwa babu komai sai awo, awon nan yana bakin masu shi.

Saboda haka malamin da zai aiki ɗalibai tattara sunayen itatuwa, lalle ya umarce su da abu huɗu: su sa karin sauti, su kawo ganyen, su rubuta awon da kalmomin mai maganin, kana su rubuta sunansa in ya yarda. Gama in tsohon ya rasu, ba a tambayar takarda abin da ba a rubuta mata ba.