Uwar Shaihu Umar da Matan da Tarihi Bai Ba Doki Ba

Mu da muka tashi a Tudun Wadar Zariya, tafiyar ƙafa ce tsakaninmu da Kamfanin Gaskiya, gidan da littattafan Hausa suka daɗe suna fitowa daga cikinsa. Duk da haka, da yawanmu don jarrabawa kawai muka karanta Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Muka haddace sunayen garuruwa, muka amsa tambayoyi, muka ajiye. Kwanan baya muka sake ɗaukarsa da dare bayan an rufe kwamfutar aiki, sai muka ga ashe wadda ta fi kowa jarunta a littafin mun wuce ta ba mu ko gaishe ta ba. Ita ce uwar Umar.

Littafin ya fito ne daga gasar da Rupert East ya shirya a nan Zariya a 1933, gasar da ta ba mu Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Maza ne suka rubuta su duka. Ɓalewa, malamin makaranta ɗan shekara ashirin da 'yan kai a Bauchi, ya mai da labarinsa zamanin farautar bayi, kafin zuwan Turawa.

Ga abin da ya sami matar. Mijinta ya rasu, ta auri Makau, bafaden da mahassada suka sa aka kore shi daga Kagara, ya koma Maƙarfi. Kafin ta bi shi sai ta je Fatika ganin iyayenta, ta bar ɗanta hannun wata mata. A bayanta aka sace yaron. Ƙaddara ta kai shi Kano, Balarabe Abdulkarim ya tafi da shi Masar, ya yi karatu ya zama malami. Ita kuwa ta bar aure da gida ta bi sawunsa. A Kano wani mai suna Ado ya yaudare ta da cewa zai kai ta wurin ɗanta, ya ƙetara hamada da ita, aka mai da ita baiwa. Sai a Tarabulus suka sadu, jikinta ya riga ya ƙare, ba ta daɗe ba ta cika.

Ƙarfin littafin yana nan. Umar ɗaukarsa ake yi daga hannu zuwa hannu, bai taɓa zaɓen hanyarsa ba sai da ya girma. Uwar ce kaɗai ta yanke shawara da kanta ta shiga wuta da idonta buɗe. Kuma hanya ɗaya suka bi, amma ɗan ya samo ilimi da daraja, uwar ta samo bauta da kabari. Ɓalewa bai tsaya yi mana wa'azi a kan wannan ba, ya ajiye su gefe da gefe ya bar mu da lissafi.

Rauninsa ma yana nan. Da bakin Umar muke jin komai, yana ba almajiransa labari, don haka abin da ɗa ya sani game da uwarsa shi kaɗai ya iso gare mu. Wa ta kwana wurinta a Kano? Wace tsohuwa ce ta ba ta guzuri, ko ta ja ta gefe ta ce kada ta yarda da baƙon namiji? Matan da ke cikin ayarin ba su yi mata magana ba? Marubucin ya bar ta ita kaɗai kamar maraya a kasuwa, alhali macen Hausa ta wancan zamani ba haka take rayuwa ba.

Muna da shaida, kuma daga ƙasar Zazzau aka ɗauko ta. A Giwa, tsakanin 1949 da 1950, wata tsohuwa da ake kira Baba ta ba Mary Smith labarin rayuwarta, aka buga shi da Turanci a 1954 da sunan Baba of Karo. An haife ta a 1877, ta ga farautar bayi da idonta. Ta ba da labarin yadda mahara suka kwashe matan gidansu, dangi suka tara wuri suka je fansa. Ta yi aure huɗu, ba ta haihu ba, amma ta riƙi 'ya'yan dangi, ta yi ungozoma. Abin da ya cika labarinta shi ne ƙawance: yadda ake ƙulla shi da kyauta a gaban mutane, yadda ake rama biki, yadda babba ke ɗaukar ƙanwar rana ta tsaya mata har ɗakin miji. A duniyar Baba, in mace ta faɗi, akwai hannuwan da aka san su za su ɗaga ta. Wannan ne babu a Shaihu Umar.

To, me marubutanmu na yau suka yi da wannan gado? In aka ce jarumar tarihi, hankalin kowa sai ya tafi ga Sarauniya Amina 'yar Bakwa Turunku. Ta cancanta. Tarihin Kano ya ambaci yaƙe-yaƙenta har Kwararrafa da Nupe, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya ambace ta a Infaƙul Maisuri. Amma ku dubi fim ɗin Amina na Izu Ojukwu da Netflix ta saka a 2021: doki, takobi, sulke. Ma'aunin ya zama guda, wato mace jaruma ce gwargwadon yadda ta yi kama da barde. Da wannan mudu, uwar Umar ba ta cika ba, Baba ma ba ta cika ba, kakanninmu kuwa ko a faifai ba za a zuba su ba.

Abin da ke ba mu tsoro ke nan. Yarinyar da ke karatu a waya yau, in duk jarumar da ta gani sarauniya ce, za ta ɗauka tsohuwar da ke dakan fura a tsakar gidansu ba ta da labari. Tsofaffin nan kuwa tafiya suke, kowace da ɗakin karatunta a ƙirji.

Unguwarmu kaɗai ta isa littafi. Tudun Wada a bayan Ƙofar Doka take, tsakanin birni da Sabon Gari, an kafa ta zamanin Turawa don 'yan Arewa baƙi. Matan da suka fara zama a nan sun baro danginsu a Kano da Katsina da Bida da Barno. Wa ya zama musu uwa ranar haihuwa? Wa ya riƙe adashi? A shekarun 1950, lokacin da Gambo Sawaba ke shiga gidajen kulle tana yi wa mata maganar NEPU, ana kulle ta tana fitowa, wasu ne suka buɗe mata ƙofa, wasu suka kai mata abinci kurkuku. Matan Arewa ba su sami damar jefa ƙuri'a ba sai 1976. Tsakanin nan akwai ƙawaye biyu da siyasar mazajensu ta raba, akwai kishiyoyin da suka rufa wa juna asiri. Ba mu ga littafinsu ba tukuna.

Ba laifin Ɓalewa muke gani ba. Saurayi ne da ya ga abin da da yawa ba su gani ba, ya sa mace ta ƙetare hamada saboda ɗanta. Inda ya tsaya nan ya kamata a ɗora. 'Yan'uwa mata da ke rubuta labarai a Wattpad da WhatsApp sun fi kowa sanin yadda mata ke magana in maza ba sa nan, kuma wannan kunnen shi labarin tarihi ke bukata. Wayar da kuke karanta wannan da ita tana ɗaukar murya. Ku zauna da Kaka bayan sallar isha'i, ku tambaye ta sunan ƙawarta ta farko da abin da ta kawo mata ranar aurenta. Daga nan babin farko zai fito.