4.3 Sharhi a Kan Faya-fayan Bidiyo da Aka Sabunta: Ko Sun Cancanci a Sake Saye?

A wannan sashe za a dubi al'adar nan ta kamfanonin fim, inda sukan ɗauko tsohon fim su ce sun sabunta shi, su sake fitar da shi a sabon faifai. Tambayar ita ce, mutumin da ya riga ya mallaki fim ɗin a kaset ko a tsohon faifai, shin in ya sake zuba kuɗinsa akwai abin da zai ƙaru da shi? Ra'ayin mai wannan nazari shi ne, amsar tana ga abin da aka yi wa fim ɗin, wato ko gyara shi aka yi ko kuwa sauya shi aka yi.

Da farko ya kamata a san inda ƙarin kyan yake fitowa. Yawancin tsofaffin finafinan Amurka da Indiya a kan zaren fim mai faɗin milimita 35 aka ɗauke su, kuma zaren yana riƙe da hoto fiye da abin da kaset zai iya nunawa. Faifan DVD, wanda ya fito a Japan a 1996, yana nuna ɗigo 720 a kwance da 576 a tsaye bisa tsarin talabijin irin namu. Faifan Blu-ray na 2006 kuwa yana nuna 1920 da 1080, wato ninki biyar ke nan. Saboda haka idan aka koma ga zaren asali aka sake kwafowa, mai kallo zai ga abin da da ma yana nan, amma tsohon faifansa ya ɓoye masa.

Alal misali, fim ɗin The Godfather na 1972 ya samu karɓuwa ƙwarai, har zarensa na asali ya jigata saboda yawan kwafin da aka yi ta bugawa daga jikinsa. Robert Harris ya jagoranci aikin gyaransa, tare da shawarar darakta Francis Ford Coppola da mai ɗaukar hoto Gordon Willis, aka fitar da shi a 2008. Abin lura a nan shi ne, da gangan Willis ya ɗauki fim ɗin cikin duhu-duhu, domin duhun yana nuna irin sha'anin mutanen da ke cikin labarin. Masu gyaran sun cire datti da ƙarce, amma ba su haskaka ɗakunan ba. Irin wannan faifai ya cancanci a sake saye, domin ya kusantar da mai kallo ga abin da aka nuna a silima.

Sai dai ba kullum ake dacewa ba. Fim ɗin Predator na 1987, wanda Arnold Schwarzenegger ya fito a ciki, an ɗauke shi a daji, kuma hotonsa yana da tsaki-tsaki irin na zaren fim. A faifan Blu-ray da aka fitar a 2010 an sa kwamfuta ta goge wannan tsaki-tsakin, sai ta haɗa da ramukan fata da saƙar tufafi ta share, fuskokin 'yan wasan suka yi sumul kamar an ƙera su da kakin zuma. Garin neman gira aka rasa ido. Masu saye sun koka matuƙa, kuma sai a faifan da aka fitar a 2018 aka bar hoton da tsakinsa. Ke nan wanda ya bi talla ya sayi na 2010 ya biya kuɗi ne aka rage masa fim.

Akwai kuma nau'i na uku, wanda ya fi wuyar yanke hukunci. Mughal-e-Azam na darakta K. Asif, wanda Dilip Kumar da Madhubala suka fito a ciki a 1960, mafi yawansa fari da baƙi ne, in ban da wasu 'yan wurare masu launi. A 2004 aka saka wa fim ɗin launi gaba ɗaya, aka sabunta sautinsa, aka kuma rage tsawonsa. Masu goyon baya suna kafa hujja da cewa shi kansa Asif ya so ya yi fim ɗin da launi. Wannan gaskiya ne, amma ya rasu tun 1971, ba shi ya zaɓi launukan ba. Bugu da ƙari, a fim na asali shigowar launi a wurin rawar fadar madubai abu ne da ke girgiza mai kallo, saboda ya daɗe yana kallon fari da baƙi. Da aka shafe ko'ina da launi sai wannan armashi ya ragu. Wanda zai sayi wannan faifai ya sani cewa wani aiki ne dabam, kada ya yar da tsohonsa.

Idan aka juyo gida, finafinan bidiyo na Hausa na farko irin su Turmin Danya na 1990 da kyamarar bidiyo aka ɗauke su kai tsaye a kan kaset. Babu wani zare da za a koma gare shi, don haka mayar da su kan faifai yana da amfani wajen adanawa, tun da kaset yana lalacewa, amma ba zai ƙara wa hoton abin da kyamara ba ta ɗauka ba.

A taƙaice, kafin mutum ya sake sayen fim ɗin da yake da shi, ya dace ya binciki abu uku: daga ina aka kwafo shi, wa ya sa ido a kan aikin, kuma an taɓa launinsa ko tsawonsa? Haka nan ya dubi akwatin talabijin ɗinsa, domin ƙaramin akwati ba zai nuna bambancin ba. Sashe na gaba zai duba yadda ake adana kaset-kaset na finafinan Hausa.