Dokokin Kare Yara a Intanet da Yaron Karaye da Rogo: Wani Ɗan Tarke

Manufar wannan takarda ita ce a auna dokokin da aka kafa don kare yara daga sharrin intanet, a ga ko yaron da suke siffantawa shi ne yaron da muka sani a Karaye da Rogo. A ganina ba shi ba ne.

Dokokin dai ba a rasa su ba. Akwai Dokar Haƙƙin Yara ta Tarayya ta 2003, wadda Jihar Kano ba ta yi irin tata ba sai a watan Mayun 2023, lokacin da Gwamna Ganduje ya sa hannu a kan Dokar Kare Yara. Akwai Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015, wadda sashenta na 23 ya haramta hotunan batsa na yara da kuma yaudarar yaro ta intanet don lalata da shi. Sai kuma Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023.

Wannan ta ƙarshe ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta. Sashenta na 31 ya ce kafin kamfani ya ɗebi bayanan yaro sai ya nemi yardar iyaye ko waliyyi, kuma ya tabbatar da shekarun yaron, alal misali ta hanyar katin shaida na hukuma. Wannan tunani ya samo asali daga irin dokar da Amurka ta yi a 1998 game da yaran da ba su kai shekara 13 ba. To, abin lura a nan shi ne, dokar ta ɗauka cewa yaro yana da wayarsa shi kaɗai, yana da takardar haihuwa, kuma mahaifinsa yana kusa, yana iya karanta sharuɗɗan da aka rubuta da Ingilishi. A ƙauyukan Rogo kuwa, sau da yawa waya guda ce take zagaya gida, daga hannun yaya zuwa na ƙane, layin kuma da sunan babba aka yi masa rajista. Kamfanin da ke Amurka babba yake gani. Almajirin da aka kai birni karatu fa, wa zai ba da yarda a madadinsa? Malaminsa, ko mahaifin da ke gona a Karaye?

Saboda haka ne ban ga fa'idar kiran da wasu suke yi na a kwaikwayi Ostireliya ba, wadda ta zartar da doka a 2024 ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 buɗe shafi a dandalin sada zumunta. Yaronmu ba sai ya buɗe shafi ba. Da yawa daga abin da yake kallo yana zuwa masa ne daga shagon masu turi, ko daga wayar aboki ta Xender, ba tare da ya sayi data ba. Watau ƙofar da aka sa wa kwaɗo daban, wadda ake shigowa ta cikinta daban.

Ga kuma batun hukunci. Shari'ar laifuffukan dokar 2015 tana hannun Babbar Kotun Tarayya, wadda zamanta yake a birnin Kano. Uban da aka yi wa 'yarsa barazana da hotonta, kunya ma kaɗai ta isa ta hana shi magana, balle a haɗa masa da kuɗin mota da na lauya. Wurin mai unguwa ko dagaci ko 'yan Hisba zai nufa, su kuwa dokar ba ta ba su wani matsayi ba.

Tun da aka mai da masarautar Karaye mai daraja ta biyu a 2024, ƙananan hukumomin nan biyu ne a ƙarƙashinta. Abu ne mai yiwuwa a fassara sassan nan biyu da Hausa, a raba wa dagatai da limamai da shugabannin makarantu, a kuma fayyace musu ofishin da za su miƙa ƙara in ta zo gabansu.