Samanja Mazan Fama da Hausar da Muke Ji Kullum a Jimeta

Tun da Allah ya yi wa Alhaji Usman Baba Pategi rasuwa a Kaduna cikin watan Nuwamba na 2023, gutsattsarin wasanninsa suke ta yawo a wayoyin samari. Yaran da ba a ma haife su ba lokacin da ake cika tsakar gidan mai talabijin don kallon Samanja, yanzu su ne ke tura wa juna shi a WhatsApp. Wannan ya yi mini daɗi. Abin da bai yi mini daɗi ba shi ne amsar da suke bayarwa in ka tambaye su me ya ba su dariya. Sai su ce gurɓatacciyar Hausarsa. To a ganina ba su kalle shi da kyau ba, kuma mu mutanen Jimeta mun fi kowa cancantar gane haka.

Da farko dai mutumin ba Bahaushe ba ne. Banufe ne, ɗan gidan sarautar Pategi da ke jihar Kwara ta yanzu, an haife shi a 1942. Ya yi aiki a gidan rediyon Kaduna, ya shiga soja a zamanin yaƙin basasa. Wato ya sa kaki na gaske, ya sha fareti, ya ji tsawar samanjoji da kunnensa. Da ya ɗauki sunan Samanja Mazan Fama a rediyo da talabijin na Kaduna, abin da ya sani ya kawo wa jama'a.

Hausar da yake yi kuwa tana da suna da asali. Barikanci ake ce mata, kuma ta girmi Nijeriya. Tun 1863 wani Baturen Ingila mai suna Glover ya kafa wata 'yar runduna a Ikko da ake kira Hausawan Glover. Da Lugga ya haɗa babbar rundunar Turawa a 1897, Hausa ce ta zama harshen bariki. Tibi da Angas da Dakarkari da Barebari da Bachama, kowa ya baro harshen uwarsa a gida ya zo ya koyi Hausar da za ta ishe shi karɓar oda da sayen garin tuwo. A nan muka samo kurtu da kofur da saje da laftanan da kyaftin, har da shi kansa samanjan. Hausa ce da ba ruwanta da bambanta namiji da mace, ba ta damu da ƙa da ɗa ba, kuma duk inda ta gaji sai ta dafa kafaɗar Turancin buroka.

Yanzu a dubi garin nan namu. A 1901 sojojin Turawa suka hawo Binuwai suka ci Yola, Lamiɗo Zubairu ya fice. Jimeta ta girma ne a bakin ruwa, garin jirage da kanti da fatake da ma'aikata, inda kowane iri ya zo neman abinci. Ga barikin Gibson Jalo nan a gefenmu har gobe. Ka shiga kasuwa da safe, mai tumatir za ta ce maka yarinyanta ya tafi makaranta, ka gane, ka biya, ku rabu lafiya. Ba wanda ya yi dariya. Da wannan Hausar ake ciniki tsakanin Bafulatani da Kilba, da ita ake sasanta rigimar haya a Luggere da Doubeli, da ita likita ke tambayar mara lafiya inda ke masa ciwo. Ashe ke nan Hausar Samanja ba baƙuwa ba ce a wurinmu. In ta ba mutumin Kano dariya don bai saba jin ta ba, mu sai mu nemi wani dalilin.

Dalilin yana cikin muƙamin da ya zaɓa, kuma a nan gwanintarsa take. Samanja shi ne ƙololuwar ƙananan sojoji. Duk kurtu da kofur na rawar jiki in sun hango shi. Amma ɗan yaron laftanan da ya fito daga makarantar hafsoshi jiya, wanda bai kai ɗan cikinsa ba, dole ya ƙame ya sara masa. Mutum ne da aka matse a tsakiya, zaki ga na ƙasa, ɗan akuya ga na sama. Ku sake kallon gutsattsarin nan ku lura da bakinsa. In zai tsorata na ƙasa da shi sai Turanci ya yi yawa, murya ta cika, ido ya fito, ƙirji ya buɗe. In magana ta juya a kansa, ko ya shiga gida inda kaki ba ya aiki, sai ka ji Turancin yana zubewa ɗaya bayan ɗaya, Hausa tana dawowa, muryar tana sauka. Harshen nan ma'aunin girman kansa ne. Abin da muke wa dariya shi ne mai ɗan iko da ya ɗauki kansa ya kai inda Allah bai kai shi ba, kuma wannan akwai shi a kowace kasuwa, da kowane kwamitin masallaci, in za a faɗi gaskiya.

Rediyo ce ta koya masa wannan. Wanda ya saba wasa inda ba a ganinsa dole ya zuba komai a murya: inda zai ja numfashi, inda zai yi shiru, inda zai fashe. Ga shi yawancin wasannin wancan zamani ba a rubuta su kalma-kalma, ana tsara labari ne kawai a bar 'yan wasa su cike da bakinsu. Sai mai kaifin kunne ke tsira a irin wannan fage. Ya gaji wani abu daga 'yan kama, waɗanda tun kafin zuwan akwatin rediyo suke tsayawa a dandali suna kwaikwayon karatun malamai, amma duk babin a kan tuwo da miya yake ƙarewa. Mu masu ɗan jan salla mun sha a hannunsu. Amma malamin kirki ya san ba karatun suke wa ba'a ba, kwaɗayin da ke ɓuya a bayan rawani suke tonawa.

Ba zan ce ba shi da aibi ba. Na ɗaya, Samanja ya cinye Usman. Ya yi wasu wasannin, amma wa ke tuna su? A kwatanta shi da marigayi Ƙasimu Yero, Bazazzagin da ya rasu a 2017. Shi ya yi Karambana, ya fito a Magana Jari Ce, ya kuma juya ya yi wasa da Turanci a Cock Crow at Dawn, kowanne da fuskarsa daban. In ana maganar faɗin fage, Ƙasimu ya fi shi, ko da masoyan Samanja za su ji haushina. Shi rijiya ɗaya ya haƙa, sai dai ya haƙa ta da zurfi.

Na biyu ya fi nauyi. Daga 1966 zuwa 1999, in ka cire shekarun Shagari da 'yan watannin Shonekan, soja ke riƙe da ƙasar nan, kuma gidajen da ke watsa wasan na gwamnati ne. Sojan da ke cikin akwatin talabijin mai tsawa ne amma mai taushin zuciya, a ƙarshe a yi dariya a watse. Wanda ya rayu a lokacin ya san na kan titi ba kullum haka yake ba, ya san bulala da tsallen kwaɗo. Wasan ya sa talaka ya daina jin faɗuwar gaba in ya ga kaki, wannan alheri ne. Amma ya kuma shafa wa abin mai. Dariyar tana tsayawa a kan samanja, ba ta cika hawa sama inda ake yanke hukunci ba.

Duk da haka, a dubi abin da ya biyo baya. Tun da aka fara finafinan bidiyo a Kano da Turmin Danya a 1990, an yi 'yan barkwanci masu baiwa, marigayi Rabilu Musa Ibro na gaba-gaba. Amma an kuma buɗe wata ƙofa mai arha: a sa wa mutum tsumma a ce Bagwari ne, a ba shi sanda da malafa a ce Bafulatanin daji ne, a karya masa harshe a ce ɗan ƙabilar Ibo ne, shi ke nan wasa ya haɗu. Babu hali, babu labari, harshen kawai ake wa gwalo. Sun ɗauki ɓawon Samanja sun bar ƙwayar. Shi daga cikin bariki ya yi magana, a matsayin ɗan gida da Hausa ta zo masa a harshe na biyu. Su kuwa daga kan katanga suke leƙe suna nuni da yatsa. Suratul Hujurati ta yi hani a kan wasu mutane su yi wa wasu izgili, kuma ban ga inda aka cire wanda ya riƙe kyamara ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na ga samarinmu na Limawa da Rumde sun fara irin wannan a TikTok, suna kwaikwayon bakin maƙwabtansu. 'Ya'yana, wanda kuke kwaikwaya yana da waya shi ma, kuma gobe a shagon babanku zai tsaya. Shi ya yi ƙoƙari ya koyi harshenku har yana ciniki da shi. Mu fa? A ƙasar Lamiɗo muke zaune, wasunmu tun kakanni. Akwai ɗan'uwanmu da ya shekara talatin yana awo a kasuwar Jimeta, amma Fillancinsa bai wuce jam da useko ba, su ma in ya faɗa sai mai nono ta sunkuyar da kai ta danne dariya don kunya.