4.3 Martanin Masu Kallo a Kan Ƙarshen Zango na Biyar na Game of Thrones

A wannan sashe za a dubi yadda masu kallo suka karɓi kashi na ƙarshe na zango na biyar na wasan Game of Thrones, wanda tashar HBO ta Amurka ta nuna ranar 14 ga Yuni, 2015. Kamar yadda aka bayyana a baya, an ciro wasan ne daga jerin littattafan ƙagaggen labari na George R. R. Martin, waɗanda na farkonsu ya fito a 1996, na biyar kuma, wato A Dance with Dragons, a 2011.

Abin da ya fi tayar da ƙura a wannan kashi shi ne fitowa ta ƙarshe, inda dakarun da ke gadin Ganuwa suka daddaɓa wa shugabansu Jon Snow wuƙa, suka bar shi kwance cikin jini a kan ƙanƙara. Masu kallo sun rabu gida biyu. Waɗanda ba su karanta littafin ba sun kaɗu ƙwarai, suka ɗora fushinsu a kan yaron nan Olly, wanda ya yi sukar ƙarshe. Su kuwa makaranta littafin, da ma sun san da zuwan wannan rana tun 2011, saboda haka ƙorafinsu a kan dalilin kisan ya tsaya.

Idan aka lura, makarantan suna da hujja. A littafin, Jon ya yanke shawarar tafiya yaƙi da Ramsay Bolton bayan ya sami wasiƙar barazana daga gare shi, wanda hakan saɓa rantsuwar ƙungiyarsa ne ta kauce wa rikicin sarauta. Ke nan su Bowen Marsh da suka soke shi suna da abin kafa hujja, har mai karatu yakan rasa wanda zai ba gaskiya. A wasan kuwa an cire wasiƙar. Yaudarar Jon aka yi da labarin ƙarya cewa an ji ɗuriyar baffansa Benjen, laifinsa kuma bai wuce shigo da mutanen bayan Ganuwa don ceton rayukansu ba. Wannan sauyi ya mayar da tauraron wanda aka zalunta kawai, ya kuma raunana jigon littafin na karo tsakanin alkawari da son dangi. Fushin da aka yi da Olly daga nan ya samo asali.

Bugu da ƙari, akwai bambancin hanyar isar da saƙo. Marubucin ya rufe babin ne ta idon Jon kansa yayin da hankalinsa ke gushewa, don haka sai a cikin matani za a nemi amsar ko ya mutu. Shi kuwa wasan talabijin yana da ɗan wasa mai rayuwa a wajen labari. Masu kallo suka koma sa ido a kan Kit Harington, suna lura da ko ya aske gashinsa, da ko an gan shi a Ireland ta Arewa inda ake ɗaukar wasan. Da aka tayar da Jon a kashi na biyu na zango na shida a 2016, mutane da yawa sun riga sun yi hasashen haka.

Daga ƙarshe, wannan kashi ne ya kawo ƙarshen fifikon da makaranta suke da shi a kan sauran masu kallo, domin a nan wasan ya cim ma littafin. Har aka kammala wasan a 2019 littafi na shida bai fito ba. A ra'ayin wannan nazari, fitowar ta yi nasara wajen riƙe hankalin mai kallo, amma ta yi hasarar nauyin dalilin da marubucin ya gina kisan a kansa.