2.3 Harshen Gbagyi da Matsalar Rubuta Shi

Gbagyi, wanda Hausawa ke kira Gwari, harshe ne na rukunin Nufanci a cikin dangin Binuwai-Kwango. Masu shi suna daga cikin mazauna ƙasar Kaduna tun kafin Turawa su kafa garin. Edgar (1909) ya rubuta nahawunsa, sannan Hyman da Magaji (1970) suka fito da tsarin karin sautinsa mai hawa uku: sama da tsakiya da ƙasa.

Sai dai kuma a unguwa irin Mando, inda Hausa ce harshen kasuwa, mai son rubuta Gbagyi yakan ari ƙa'idojin rubutun Hausa. Wannan aro yana da illa biyu. Ta farko, Hausa ba ta da sautukan /gb/ da /kp/, shi ya sa ma Gbari ya koma Gwari a bakin Bahaushe. Ta biyu, rubutun boko ba ya nuna karin sauti, alhali shi ke bambanta ma'anar kalmomi da yawa a Gbagyi. Saboda haka yaron da ya tashi da Hausa zai karanta baƙaƙen daidai, amma Bagwari ya kasa gane abin da ya faɗa.